Azumin Kwana Arba'in da Makon Ista Tare da Tsofaffin Finafinai: Tambayoyi da Amsoshi ga Kiristoci Masu Jin Hausa a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa kowace shekara idan Larabar Toka ta gabato, daga bakin iyaye, shugabannin matasa, matan zumunta da malaman Makarantar Lahadi a majami'un da ake sujada da Hausa a Agege, Obalende, Mile 12, Ojo da sauran unguwannin Legas. Matsayin da aka gina amsoshin a kansa shi ne, fim yana da amfani a wannan lokaci muddin yana komar da mai kallo ga Littafi Mai Tsarki da addu'a, idan kuwa ya maye gurbinsu, to gara a bar shi.

Wane lokaci ne ake nufi, kuma yaushe yake farawa?

Ana nufin azumin kwana arba'in da Kiristoci suke yi kafin Ista, wanda yake farawa ranar Larabar Toka. Daga wannan Laraba zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, amma ba a lissafa ranakun Lahadi shida da ke ciki, domin kowace Lahadi ranar tunawa da tashin Ubangiji ce, shi ya sa lissafin yake komawa 40. Tushensa shi ne kwana arba'in da Yesu ya yi yana azumi a jeji, kamar yadda yake a Matiyu 4:1-11. Makon ƙarshe shi ne Mako Mai Tsarki, wanda yake buɗewa da Lahadin Dabino.

Ranar Ista ba ta tsaya a kwanan wata ɗaya ba, tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, saboda ana bin cikar wata wajen ƙayyade ta. Ikkilisiyoyi kuma sun bambanta wajen kiyaye lokacin. Katolika suna azumi ranar Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, suna ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na cikin azumin, suna kuma bin Hanyar Gicciye mai matsaya 14. Angilika da Lutaran ma suna kiyaye lokacin bisa tsarin sujadarsu. Da yawa daga cikin 'yan ECWA, COCIN, EYN da Baftis sun fi ba da ƙarfi ga Mako Mai Tsarki kansa. Abin da ke wannan shafi ya shafi kowa, sai dai kowane mutum ya daidaita shi da koyarwar ikkilisiyarsa.

Shin kallon fim bai saɓa wa manufar azumi ba?

Yana iya saɓawa, kuma wanda ya yi wannan tambaya yana da gaskiya da ya yi ta. Manufar azumi ita ce tuba, addu'a da taimakon mabukata. Yowel 2:12-13 yana kiran mutane su juyo ga Ubangiji da zuciya ɗaya, Ishaya 58 kuma ya haɗa azumi da ciyar da mayunwata da kwance sarƙar zalunci. Mutumin da ya kwanta a kujera yana kallon fim bayan fim don kawai yunwa ta wuce bai shiga wannan kira ba, ko da dukan finafinan a kan Yesu suke.

Amma akwai wata hanya dabam. Yawancinmu muna shafe sa'o'i a kan waya muna bin gajerun bidiyoyi da gardamar siyasa. Idan iyali suka yanke shawarar ajiye waɗannan har zuwa Ista, suka ware zama ɗaya a mako don fim ɗaya da aka zaɓa da natsuwa, aka karanta Nassi kafinsa aka yi addu'a bayansa, to kallonsu ya ragu ne, bai ƙaru ba. Wanda kuma ya ga cewa azuminsa shi ne ya rufe allo ɗungum, ya yi abu mai kyau, kada kowa ya matsa masa. Romawa 14 ta hana mu yanke wa juna hukunci a irin waɗannan al'amura.

Me ya sa ake ba da shawarar tsofaffin finafinai alhali akwai sababbi?

Ba domin tsufa tsarki ne ba. Dalilin shi ne tafiyarsu a hankali take. Manyan finafinan da aka yi tsakanin shekarun 1950 da 1970 sukan bar kyamara ta daɗe a kan fuska ɗaya, sukan bar shiru ya yi aikinsa, kuma ba sa zubar da jini a allo don firgita mai kallo. Wannan jinkiri yana gundurar matashin da ya saba da bidiyon minti ɗaya, amma shi ne ainihin horon da lokacin azumi yake nema, wato mutum ya iya zama wuri ɗaya ya mai da hankali ga abu ɗaya. Ban da haka, shekaru sun riga sun tace su, an san inda suka yi daidai da inda suka kauce, don haka mai jagorantar zama zai iya shiri tun kafin a kunna.

Da wane fim ya kamata mu fara?

Ga gidan da akwai tsofaffi ko waɗanda Turanci bai zauna musu ba, babu kamar fim ɗin Jesus na 1979. An gina shi a kan Bisharar Luka, tsawonsa kimanin sa'a biyu ne, kuma yana cikin finafinan da aka fi fassarawa a duniya, har da Hausa. Amfaninsa babba shi ne ana iya buɗe Luka a gefe ana bin labarin babi bayan babi. Ta fuskar gwanintar shiryawa ba shi ne kan gaba ba, amma jin maganar Yesu cikin harshen da uwa ta rene ka da shi ya fi ƙawar hoto tasiri.

Bayan shi sai Jesus of Nazareth na 1977, wanda daraktan Italiya Franco Zeffirelli ya shirya don talabijin, aka ɗauke shi a Maroko da Tunisiya. Ya haura sa'a shida, saboda haka ba fim ɗin zama ɗaya ba ne. Idan aka raba shi gida shida, sa'a ɗaya kowace Lahadi, zai kai iyali tun daga haihuwar Yesu har zuwa gicciye daidai lokacin da Mako Mai Tsarki yake shigowa. Yana da ƙare-ƙaren da ba sa cikin Bishara, waɗanda aka yi bayaninsu a amsar da ke kan daidaiton finafinai da Littafi Mai Tsarki.

Yaya ake tsara zama ɗaya don kada ya zama kallo kawai?

A fara da Nassi, kada a fara da fim. Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a dukan shafin nan. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma a nan haɗarin yake, domin abin da ido ya fara gani yakan danne abin da kunne zai ji daga baya, alhali Romawa 10:17 ta ce bangaskiya ta wurin ji take zuwa. Idan yaro ya fara ganin tsagewar Bahar Maliya a fim, duk ranar da aka karanta masa Fitowa 14 hoton darakta ne zai zo masa. Idan kuwa an fara karanta masa, zai kalli fim ɗin yana gwada shi da abin da ya ji. Saboda haka mutum ɗaya ya karanta sashen da za a kalla da murya, a yi gajeriyar addu'a, a ajiye wayoyi a gefe, sa'an nan a kunna.

Kada kallon ya wuce sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi. Idan an kashe, kada a yi saurin magana, a bar minti kaɗan na shiru, ko da yara za su ɗan motsa. Bayan haka mai jagora ya yi tambayoyi kaɗan masu kaifi: me fim ɗin ya ƙara wanda ba mu karanta ba, me ya bari, wane mutum a cikin labarin ne ya fi kama da halin da nake ciki a wannan mako? Tambaya ta ƙarshe ita ce take juya hira ta zama binciken zuciya. Mutum yana iya ganin kansa a Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa a bakin wuta saboda tsoron baiwa, ko a Bilatus da ya san gaskiya amma ya ji tsoron rasa kujerarsa, kuma ma'aikacin da aka taɓa matsa wa ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce ba ya buƙatar dogon bayani a kan Bilatus.

A rufe da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da addu'a, kowa kuma ya ƙudurta abu ɗaya da zai aikata kafin zama na gaba, ko neman gafarar wani, ko ziyarar mara lafiya, ko kai abinci gidan da aka san ana cikin rashi.

A Legas ba mu da lokaci, wuta kuma ba ta da tabbas. Ta yaya za mu iya?

Wanda ya fito daga Ikorodu ko Agege da asuba ya dawo ƙarfe tara na dare bayan cunkoson hanya ba zai iya kallon fim na sa'a uku da hankalinsa ba, barci ne zai ɗauke shi. Lokacin da ya fi dacewa ga yawancin gidaje shi ne yammacin Lahadi bayan an tashi daga sujada an huta. Masu aikin gadi, sojoji da 'yan sanda da ke kwana a bakin aiki, da masu aikin gida da ba su da hutu sai jefi-jefi, suna iya ɗaukar minti ashirin a waya da abin ji na kunne, su karanta ayoyin da suka dace kafin su kalla. Ƙaramin yanki da aka yi tunani a kansa ya fi fim cikakke da aka kalla ana gyangyaɗi.

Game da wuta da data, a sauke fim tun da wuri, a cika cajin waya ko kwamfuta. Idan gidaje uku ko huɗu suka haɗu a ɗaki ɗaya suka haɗa kuɗin man janareta, nauyin zai ragu, hirar kuma za ta fi armashi. Manyan finafinai irin su The Ten Commandments, mai kusan sa'a uku da minti arba'in, da Ben-Hur, mai kimanin sa'a uku da rabi, suna da hutun rabin lokaci a cikinsu tun asali, don haka a tsaya a nan a ci gaba mako mai zuwa.

Shin abin da waɗannan finafinai suke nunawa ya yi daidai da Littafi Mai Tsarki?

Ba dukansa ba, kuma dole mai jagora ya san wannan kafin ya tara mutane. Misali mafi bayyana shi ne The Ten Commandments na 1956, wanda Cecil B. DeMille ya shirya, Charlton Heston ya fito a matsayin Musa. Kusan rabin farko na fim ɗin ya tafi ne a kan rayuwar Musa a fadar Masar, da soyayya tsakaninsa da wata gimbiya, da gasar gadon sarauta tsakaninsa da Ramses, ɗan sarkin da fim ɗin ya nuna ya zama Fir'auna daga baya. Ban da cewa 'yar Fir'auna ta ɗauke shi ɗa, Littafin Fitowa bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai ma ambaci sunan Fir'aunan ba. Musa na fim mai fasahar magana ne, alhali a Fitowa 4:10 Musa ya yi kukan nauyin baki, har Allah ya ba shi Haruna ya riƙa magana a madadinsa, kuma Fitowa 7:7 ta ce yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin Nassi yana nuna Allah yana aiki ta wurin tsoho mai rauni, fim kuwa yana nuna gwarzo.

A fim ɗin Zeffirelli an ƙirƙiro wani malamin majalisa mai suna Zerah wanda ya yaudari Yahuza, abin da ya sassauta laifin Yahuza fiye da yadda Bishara ta bayar. An kuma nuna Maryamu Magadaliya a matsayin karuwa, alhali abin da Luka 8:2 ya faɗa kawai shi ne an fitar mata da aljanu bakwai. Haɗa ta da mace mai zunubi ta Luka 7 al'ada ce da ta yaɗu daga baya, musamman bayan wani wa'azi na Paparoma Gregory a shekara ta 591. Akwai kuma ƙarin da yake da kyau ƙwarai: an sa Yesu yana ba da misalin ɗa ɓatacce a gidan Matiyu mai karɓar haraji, Bitrus yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙyamar shiga, har maganar ta karya masa zuciya ya shiga suka sulhunta. Luka 15 bai faɗi haka ba, amma darakta ya fahimci cewa misalin yana magana da babban ɗa kamar yadda yake magana da ƙaramin. A ji daɗin irin wannan, a kuma faɗa wa masu kallo a fili cewa tunanin darakta ne.

Abu ɗaya da ya kamata a gyara nan take idan ya taso a hira shi ne ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan Yahudawa gaba ɗaya. Yesu Bayahude ne, haka mahaifiyarsa da manzanninsa, gwamnan Roma ne ya yanke hukuncin, sojojin Roma suka zartar. Cocin Katolika ta ƙi wannan zargi a hukumance a 1965, Ishaya 53 kuma ya ce saboda laifofinmu ne aka soke shi.

Fuskar da ake nunawa a fim, haka Yesu yake? Ba mu karya doka ta biyu cikin Dokoki Goma ba?

Babu ɗaya daga cikin Bisharu huɗu da ya siffanta fuskar Yesu, ko tsawonsa, ko launin idonsa. Fuskar da ta fi zama a zukatan 'yan Najeriya, wadda ake gani a kalanda da bangon shaguna da bayan motoci, sau da yawa ta Robert Powell ce, ɗan wasan Ingila da ya fito a fim ɗin 1977. Yesu mutumin Galili ne da ya tashi a gidan masassaƙi, kamanninsa na mutanen wannan yanki ne, ba na Bature mai shuɗin ido ba. Yana da kyau a gaya wa yara wannan tun suna ƙanana, domin kada su tashi da tunanin cewa Almasihu na Turawa ne. A nuna musu kuma Saminu Bakurane da ya ɗauki gicciye a Markus 15:21, wanda garinsu yake a ƙasar Libiya ta yau. A The Greatest Story Ever Told na 1965, baƙar fata Sidney Poitier ne ya fito a wannan matsayi.

Game da dokar ta biyu da ke Fitowa 20:4-5, Kiristoci sun daɗe da saɓani. Yawanci suna fahimtar cewa abin da aka hana shi ne yin siffa don a yi mata sujada, wasu kuwa suna guje wa kowane hoton Almasihu. Ma'aunin da zai taimaka shi ne, idan ka rufe ido don addu'a fuskar ɗan wasa ce take zuwa maka, to ka huta da wannan fim na wani lokaci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya komawa ga Ben-Hur, inda ba a nuna fuskar Yesu ko sau ɗaya ba, sai bayansa, da hannunsa, da fuskokin waɗanda suke dubansa.

Ben-Hur ba labarin Littafi Mai Tsarki ba ne. Mene ne amfaninsa a lokacin azumi?

Gaskiya ne, ƙagaggen labari ne da Lew Wallace na Amurka ya wallafa a 1880, William Wyler ya mayar da shi fim a 1959, ya kuma ci lambobin yabo na Oscar har 11. Labarin wani basaraken Urushalima ne da abokinsa na ƙuruciya, wanda ya zama hafsan Roma, ya ci amanarsa, aka tura shi bautar tuƙin jirgin yaƙi, aka jefa mahaifiyarsa da ƙanwarsa a kurkuku inda suka kamu da kuturta. Mutane suna tuna fim ɗin saboda tseren karusan dawaki, amma abin da ya sa ya dace da azumi shi ne abin da ya biyo bayan tseren: ya yi nasara, maƙiyinsa ya mutu, zuciyarsa kuwa ba ta huce ba. Sai a gindin gicciye ne ƙiyayyar ta sake shi.

Ga mu da yawancinmu muka fito daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa, Borno, Taraba da sauran wuraren da rikici ya ci 'yan'uwanmu, wannan ba labarin nesa ba ne. Akwai waɗanda suke zaune a Legas yau domin an ƙone gidajensu. Kada mai jagora ya yi gaggawar cewa kowa ya yafe a wannan dare. Ya bar mutane su faɗi abin da ke ransu, a karanta Luka 23:34 da Romawa 12:17-21, a yi addu'a domin wanda bai kai ga yafewa ba tukuna. The Robe na 1953, labarin hafsan Roma da ya ci rigar Yesu a ƙuri'a, da Barabbas na 1961, wanda Anthony Quinn ya fito a matsayin mutumin da aka sake a madadin Yesu, suna cikin wannan rukuni na ƙagaggun labarai. An ɗauki wajen gicciyewa na Barabbas ne lokacin husufin rana na gaske a Italiya a watan Fabrairun 1961.

An ce wanda ya shirya fim ɗin Bisharar Matiyu na 1964 ba mai bi ba ne. Ya dace mu kalla?

Haka ne, Pier Paolo Pasolini na Italiya bai ɗauki kansa mai bi ba, amma fim ɗinsa ya fi yawancin na Amurka manne wa Nassi, domin maganganun da ke ciki daga Matiyu aka ɗebo su kai tsaye. Baƙi-da-fari ne, an ɗauke shi a ƙauyukan talakawa na kudancin Italiya, da mutanen da ba sana'arsu ce wasan fim ba. Wani ɗalibi ɗan Sifen ne ya fito a matsayin Yesu, mahaifiyar daraktan kuma ta fito a matsayin Maryamu a gindin gicciye. Cikin waƙoƙinsa akwai Missa Luba, waƙar sujada daga Kongo mai ganguna. Fadar Vatican ta sa shi a jerin finafinai 45 da ta fitar a 1995. Yesu na wannan fim mai sauri ne, mai zafin magana a kan munafunci, kamar yadda yake a Matiyu 23. Da Italiyanci yake, ana karanta fassarar Turanci a ƙasan allo, don haka ya fi dacewa da manya da ɗalibai.

Akwai finafinan da ba na Littafi Mai Tsarki ba amma suka dace da lokacin?

Akwai, kuma wani lokaci sun fi taɓa rayuwar yau. A Man for All Seasons na 1966 labarin Thomas More ne, babban jami'in Sarki Henry na Takwas na Ingila, wanda ya ƙi yin rantsuwar da lamirinsa bai yarda da ita ba, aka sare kansa a 1535 bayan wani matashi mai kwaɗayin muƙami ya ba da shaidar zur a kansa. A karanta Markus 8:36 kafin a kalla. Fim ɗin ya ɗauki ɓangaren Katolika a rikicin wancan zamani, amma tambayar da yake yi ta shafi duk wanda yake aiki a ofis ko kasuwa ko bariki.

The Mission na 1986 yana da waje ɗaya da ya isa zama guda: wani mai fataucin bayi da ya kashe ɗan'uwansa yana jan damin kayan yaƙinsa yana hawan dutse a matsayin tuba, har wani daga cikin mutanen ƙabilar Guarani ta Kudancin Amurka da ya saba farauta ya zo da wuƙa, maimakon ya kashe shi sai ya yanke igiyar. Zabura 51 ce abokiyar wannan waje. Ƙarshen fim ɗin akwai kisa mai yawa, saboda haka a duba amsar da ke kan yara.

Wanne za a nuna wa yara, wanne kuma za a hana su?

Fim ɗin 1979 ya dace da yawancin yara 'yan makaranta idan babba yana zaune tare da su, sai dai a shirya su kafin a kai wajen gicciyewa. The Prince of Egypt na 1998, wanda zane ne mai motsi a kan Musa, yana riƙe hankalin ƙanana, ko da yake shi ma yana da ƙari. Minti ashirin zuwa talatin ya ishe su, a bar su kuma su sake ba da labarin da bakinsu.

Wanda bai dace da yara ba ko kaɗan shi ne The Passion of the Christ na 2004, wanda Mel Gibson ya shirya. A Amurka ma an sa shi a rukunin finafinan manya saboda jinin da ke ciki. Abin takaici ne yadda ake kunna shi a majami'u ranar Juma'a Mai Kyau, yara suna zaune a sahun gaba. Markus 15:15 ya ambaci bulalar da aka yi wa Yesu a cikin 'yan kalmomi, fim ɗin kuwa ya daɗe a kanta ƙwarai, kuma wasu abubuwan da ke ciki daga wahayin wata 'yar zuhudu ta Jamus, Anne Catherine Emmerich, aka ɗauko su. Manya da suka zaɓi kallonsa su sani cewa yawan hawaye ba shi ne tuba ba. Haka kuma waɗanda suka taɓa ganin kisa da idonsu a rikici, kada a tilasta musu zama.

Yaya za mu raba kallon a cikin Mako Mai Tsarki?

A wannan mako sujada ce gaba, fim kuwa ya ragu sosai. Yammacin Lahadin Dabino ya dace da shigar Yesu Urushalima da korar 'yan kasuwa daga Haikali. Ranar Alhamis, bayan Jibin Ubangiji, ana iya kallon jibin ƙarshe da Getsamani tare da Yahaya 13 da Luka 22. Juma'a Mai Kyau ranar hutu ce a Najeriya, amma yini ne na majami'a, na Hanyar Gicciye ko wa'azin kalmomi bakwai na kan gicciye. A tsibirin Legas, zuriyar waɗanda suka dawo daga Barazil suna dafa frejon a ranar, wato baƙin wake da madarar kwakwa da ake ci da kifi. Idan za a kalli wani abu, ya zama da dare, gajere, a rufe da Zabura 22. Ranar Asabar a bar allo a kashe.

Yawancin tsofaffin finafinai sun daɗe a kan gicciye suka wuce tashin matattu da sauri, don haka ranar Ista da Litinin da ke binta, wadda Kiristoci da yawa a nan suke fita abin da suke kira zuwa Galili, a koma ga karatun Luka 24 da Yahaya 20 da 21.

Muna zaune gida ɗaya da maƙwabta Musulmi. Me ya kamata mu kula da shi?

Wannan ya shafi kusan kowane mai jin Hausa a Legas, domin a Agege, Idi-Araba da Mile 12 tsakar gida ɗaya muke rabawa, harshe ɗaya muke ji, wani lokaci ma azuminmu yakan haɗu, kamar a 2025 da Ramadan ya fara 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo 5 ga wata. Musulmi suna girmama Annabi Musa da Annabi Isa ƙwarai, yawancinsu ba su yarda a nuna annabawa a hoto ko fim ba, kuma ba su yarda cewa an gicciye Isa ba. Saboda haka kada a kafa allo a tsakar gidan haya inda kowa zai gani ko yana so ko ba ya so, kada a ɗaga lasifika, musamman a lokutan salla da buɗa-baki. Kada kuma a kira 'ya'yan maƙwabta kallo ba tare da iyayensu sun san abin da za a nuna ba. Idan babban mutum ya tambaya da kansa, a gaya masa gaskiyar abin da fim ɗin ya ƙunsa, a bar masa zaɓi.

Muna so mu nuna fim da majigi a majami'a. Me za mu shirya?

A nemi izinin Fasto ko Fada da dattawan ikkilisiya, kuma wanda zai jagoranta ya kalli fim ɗin shi kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ranar, yana rubuta wuraren da zai tsayar ya yi bayani da Hausa. A gwada majigi da lasifika tun da rana, a yi shi a cikin ɗaki, domin a watannin Maris da Afrilu ruwan Legas yana iya saukowa ba shiri. A samo fim ɗin ta halastacciyar hanya, ba faifan satar fasaha ba. Fim ɗin 1979 da Hausa ana samunsa kyauta a manhajar Jesus Film Project, ana kuma iya sauke shi a waya. A tashi da wuri saboda masu komawa nesa, a kuma raba masu kallo ƙananan rukunai na mutum takwas zuwa goma don tattaunawa, bisa tsarin da aka bayyana a amsar da ke kan yadda ake tsara zama ɗaya.